Abin da Inna Ta Faɗa Cikin Tabaran Baba

"To ke nan kin fasa?"

"Ni ban ce na fasa ba, Nasir..."

"Ba ki ce kin fasa ba, ba ki ce kin yarda ba! Shekara biyu fa, Salma! Gero sau biyu ana yankewa ina jiran amsarki!"

A zauren gidanmu ne a Kankia, bayan la'asar. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, amma wallahi har yanzu ina ganin yadda yake murza makullin babur ɗinsa a hannu saboda ɓacin rai. Nasiruddeen ɗan garin Ƙofa ne ta Kusada. Kullum da safe yake zuwa garinmu, yana gyaran rediyo da waya a wata 'yar rumfa bakin titin Kano zuwa Katsina. Mutum ne mai haƙuri kamar damo, to ranar haƙurin ya ƙare.

"Babana ya ce in ba a sa rana ba kafin a gama sussuka, in haƙura. Me zan ce masa, masoyiyata?"

"Ka ce masa Inna ba ta ce komai ba."

"Kullum Inna ba ta ce komai ba!"

Gaskiya ya faɗa. Ni ce 'yar fari, kuma ni kaɗai Allah ya bar wa Inna. Ita kuwa 'yar ƙauyen Bauranya ce, irin matan da masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Da Baba ya rasu shekara uku kafin nan, gidan ya zama daga ni sai ita. Baffa Dawuda, ƙanin Baba, ya ce shi ya ba da ni, amma in ji ta bakin uwata tunda ni kaɗai gare ta. Sau uku ina tambayarta, sau uku tana juya mini baya tana cewa, "Ni mi nawa a ciki?"

Ni kuma na fassara abin da kaina: ba ta so in tafi in bar ta ita kaɗai. Ina son Nasir, son da har yake hana ni cin abinci, amma ina zan kai hakkin uwa?

"Ka yi haƙuri," na ce. "Ka nemi wata... ba zan iya barinta ba."

Sai ya kwance wani kwali daga bayan babur ya ajiye a gabana.

"Ga kayan Babanki da kika ba ni in duba. Na gyara. Kada amana ta zauna a wurina."

Baba, Malam Maharazu, mai ɗaukar bidiyon biki ne. Ba ƙauyen da bai shiga da kamararsa a kafaɗa ba tsakanin Kankia da Kusada. A cikin kwalin akwai na'urar kaset, da kaset guda, da wani abu da na manta da shi sam: tabaransa mai silima. Wani ƙaton tabarau ne ruwan toka, mai kauri, da igiyar roba da ake zagayawa ta ƙeya, da 'yan abin ji biyu na kunne, da doguwar waya. A Kano ya sayo shi. Da shi yake duba aikinsa kafin ya kai wa masu biki, don yana cewa matan mutane ne a ciki, ba zai kunna a talabijin 'yan unguwa su taru suna kallo ba. Ko ni bai taɓa bari na sa ba.

"Yana aiki?"

"Da ƙyar. Na canza masa waya. Ki sa wannan kaset ɗin, ki kai ƙarshe. Ni minti ɗaya na gani na cire, ba nawa ba ne."

Ya haɗa komai nan a zaure, ya tayar da ɗan janaretansa. Na sa abin a fuska. Kai! Nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa a hanci. Soson da ke ciki ya fara marmashewa, amma ƙanshin turaren Baba yana nan daram. Duhu ya rufe ni. Sai ga wani ɗan allo can nesa, launinsa ya koɗe, layuka na ta gudu a kai.

Biki ne a Bauranya, mata na guɗa. Sai hoton ya karkace, ya yi ta girgiza, ya tsaya cak. Tsakar gidanmu! Ashe Baba ya dawo ya ajiye kamara a kan turmi, ya manta bai kashe ba.

Sai ga shi ya shigo cikin hoton.

Jama'a, mutumin da ya ɗauki fuskokin dubban mutane, shi ba shi da ko bidiyo ɗaya, kullum yana bayan kamara. Ga shi nan da farar rigarsa, ya tsuguna yana wanke ƙafa da buta, yana dariya.

"Tani! Ina ɗiyarki?"

Muryar Inna daga madafa, tana yarinya shakaf: "Ni ina da ɗiya ne?"

"Au, to ta wa ce? A kasuwar Kankia na sayo ta?"

Na fizge tabaran ina kuka, na kwashi kayan kamar mahaukaciya. "Ja wayar wuta ciki, Nasir! Sai Inna ta gani!"

Ya zura wayar ta ƙofa, ya gaida ta daga nesa a durƙushe, ya koma zaure. Inna na zaune kan tabarma a ɗakinta tana tsince wake. Ta dubi abin ta yamutsa fuska.

"Ke, mi zan yi da wanga abu na Malam? Ɗauke mini."

"Don Allah, Inna. Minti ɗaya."

"Ya tsone mini ido?"

"Ba ya tsone ido."

Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda. Na ɗaura mata a kan kallabi, na sa mata abin kunne, na mayar da kaset baya. Ta ce, "To tahi ki duba tukunya." Na ce to. Na kai bakin ƙofa, sai na kasa fita, na zame na zauna a ƙasa.

Da farko tana ta mita. Wai duhu, wai kanta na juyawa. Can sai ta yi tsit. Faifan waken ya sulale daga cinyarta.

"Malam...?"

Ta miƙa hannu gaba tana lalube a iska.

"Lā ilāha illallāhu... Malam, kai ne? Dubi rigar nan, ni na wanke maka ita!"

Ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin rasuwarsa. Idonta a rufe da tabarau, kunnenta a toshe, ta ɗauka ita kaɗai ce a ɗakin. Ya kamata in yi gyaran murya. Ban yi ba, Allah ya yafe mini.

"Ji shi hwa, wai ina ɗiyarki," ta ce. "Tana nan, Malam. Ummusalma tana nan. Ta girma, ta yi hankali, duk ta kwashe kamanninka."

Na toshe bakina da gefen mayafi. Shekarata ashirin da huɗu a duniya, ranar na fara jin sunana a bakinta.

"Ka tahi ka bar ni da aikin da ba nawa ba. Kai ke magana, ni ina yin shiru, haka muka saba. Yanzu yarinya ta zo ta tsare ni da ido tana tambayata zancen aurenta! Da wane baki, Malam? In ce mi? Yaron nan na Ƙofa ɗan kirki ne, na sa an bincika mini har gidansu tun bara. Na tara mata kwanoni a ƙarƙashin gado ba ta sani ba. Kullum ina jira Dawuda shi yanke magana, shi kuma ya turo ta wurina."

Hawaye na biyo ƙasan tabaran suna ɗiga a haɓarta.

"Tana ramewa ina kallo. Tana ganin ni nake riƙe ta. Ni da na baro uwata a Bauranya ina shekara sha bakwai na biyo ka? Kewa kam zan yi, wallahi zan yi... amma in ta rasa yaron nan saboda ni, mi zan ce maka ranar da muka haɗu?"

Kaset ɗin ya ƙare, na ji ƙarar na'urar ta yi ƙas. Inna ta ɗan jira, ko zai dawo. Sannan ta ɗaga tabaran a hankali.

Idonmu ya haɗu.

Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ga fuskata sharkaf. Nan take ta ja mayafi ta rufe kanta, ta juya ta fuskanci bango.

"Ba na ce ki duba tukunya ba?"

"Inna..."

"Ba da ke nake ba. Da Malam nake."

Na rarrafa na kifa kaina a cinyarta ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ɗauka za ta ture ni yadda ta saba. Ba ta ture ni ba. Hannunta ya sauko a kaina, ya zauna.

Mun daɗe a haka. Can waje janareta ya mutu, sai na ji ana tura babur a hankali za a fita daga zaure. Nasir ne zai tafi, bai san komai ba.

Inna ta ɗaga kaina da hannu biyu. Har lokacin bango take kallo.

"Tashi maza kafin shi hau titi," ta ce. "Ki ce shi gaya ma mutanensa su zo ran Juma'a, su samu Dawuda."

Ko takalmi ban tsaya sawa ba.