Musaya da Gari na Bakwai

Duk wanda ya san Dogo a wancan lokacin ya san shi da rariya a hannu. Shekara tara yana tankaɗe ƙasa a tudun kufai, inda masu binciken tarihi ke haƙa. Tudun nan garuruwa ne bakwai, ɗaya a kan ɗaya, domin nan hanyoyin fatake huɗu suka haɗu tun zamanin da ba mai tunawa. Kowace al'umma ta zo ta ci kasuwarta ta shuɗe, wata ta yi gini a kanta. Dogo yakan ga zinariya ta fito daga rariyarsa, Farfesa, matar da ke shugabantar aikin, ta karɓa ta kai gidan tarihi, shi kuwa ya koma gida da ƙura a hanci. Abin ya daɗe yana ci masa rai.

Wata rana da azahar ya nufi wurin boka, da tsingaron da ya sato daga ramin da ya fi zurfi. Ɗakin ba taga. Tukwane ne jere, kowace an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, ga ƙarnin tsohon jini. Boka ya lashi tsingaron, ya jefa shi cikin ƙwaryar ruwa. Ruwan ya yi baƙi, wani gunaguni ya taso daga ciki kamar hayaniyar kasuwa daga nesa.

"Mutanen ƙasan nan fatake ne," in ji boka. "Ba sa kyauta, sai musaya."

"Me suke so? Rago? Sa?"

"Ƙasa. Duk abin da ka ɗauka, ka cike gurbinsa da ƙasar gidanka, ta cikin ɗakin da ake kwana."

Dogo ya yi dariya. "Ƙasa kawai, ranka ya daɗe?"

"Ni dai ƙasa na ce. Je ka sake tunani."

"Na gama tunani tun a hanya."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zubar da ƙasa, ina zai ga darajarta? Daga ranar, hannunsa da kansa yake zuwa inda dukiya take. Ya sayar wa masu fasa-ƙwauri, ya sayi mota, ya ɗora bene, amma bai ajiye rariya ba, har abokan aiki suna tsokanarsa da Alhajin Rami.

Ƙasar farko daga ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa ya ɗebo ta. Kwana shida aka tarar da Inna ta cika, bakinta cike da yashi. Ya yi kuka, ya ce wa'adi ne. Ya san ƙarya yake yi wa kansa.

"Baban Auta, wa ke fasa mana daɓen ɗakuna?" matarsa ta tambaye shi ranar da ta ga rami a bayan akwatinta.

"Gara ce," ya ce, bai dube ta ba.

Sati bai zagayo ba ta fara zama a ƙofar gida tana ciniki da mutanen da ba a gani, da wani yare da babu mai jinsa. Ba ta yi wata ba ta bi Inna.

Saura Auta, 'yar shekara bakwai, ita kaɗai ya haifa. Tsoro ya kama shi, ga shi ya riga ya ɗauki wani kambun zinariya bai cike gurbinsa ba. Ya koma wurin boka a guje.

"In mayar musu da kayansu?"

"Ciniki ya faɗa. Ba a warwarewa."

"In kai ƙasar titi fa?"

"Fatake za ka kai wa jabu?"

Sai ya yanke shawara ya biya da kansa. Ya fasa daɓen ɗakinsa, ya kai ƙasar, ya dawo yana jiran mutuwa, har da ɗan sanyi a ransa. Abin da ya manta shi ne, tun rasuwar uwarta Auta ta daina kwana a ɗakinta. A tabarma take kwana, gefen gadonsa.

Bayan wata biyu da binne ta, aikin haƙa ya kai gari na bakwai. Aka buɗe wani ɗaki, aka sami ƙasusuwan mutum uku kwance a jere: tsohuwa, mace, da yarinya. Farfesa sai murna take yi.

"Malam Dogo, zo ka gani! Shekara dubu uku suna nan. Dubi hannun hagun yarinyar, ta taɓa karyewa, amma ɗorin ya yi kyau."

Dogo ya durƙusa ya duba. Ranar da Auta ta karye, shi ya goya ta ya kai ta wurin mai ɗorin, tana kuka tana cizon kafaɗarsa.

Yau suna cikin akwatin gilashi a gidan tarihi, baƙi na ɗaukar su hoto. Shi yana bakin ƙofa cikin tsumma, yana roƙon masu gadi su bar shi ya shiga ya ga 'yarsa, su kuma suna korarsa da sanda.

To, kai da zuciyarka ke raya maka hanyar boka, ka ji da kyau. In an ce maka abin da za ka bayar ba komai ba ne, tashi ka gudu. Ba a taɓa faɗa wa mai kwaɗayi ainihin abin da zai rasa ba, sai ya rasa shi.