Wa Ya Kwashe Littattafan Hajiya Furera?

Da hantsi aka kawo ƙara caji ofis cewa an yi sata a ɗakin karatu na ma'aikata da ke bayan hasumiyar Gobarau. Shugabar wurin ce ta zo da ƙafarta, wata dattijuwa mai suna Hajiya Furera. Aka nuna mata benci ta ƙi zama, sai da aka haɗa ta da Sufeto Bilkisu Yari.

Sufeto ta ɗauki Kofur Anas suka bi ta. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Kwamfutoci na nan a kan teburansu. Kantocin littattafai ne kawai suka yi giɓi, kamar bakin da aka cire wa haƙora.

"Me da me aka ɗauka, Hajiya?"

"Tsofaffin littattafan hikaya, waɗanda aka daina bugawa tun ina budurwa. Da na dokokin aikin gwamnati, masu bayanin ƙarin girma da canjin wurin aiki. Sai na bincike kan cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, irin su ciwon mantuwa da na kakkarwa."

Tana magana hannunta na dama yana rawa. Ta ga idon Sufeto a kansa, ba ta ɓoye shi ba.

"Kalla da kyau, ɗiyata. Likita ya gaya mani sunan ciwon, ina shan magani. Hannuna ne ke rawa. Hankalina yana nan inda Allah ya aje shi."

Sufeto ta ɗaga kai. Yawancin giɓin a can sama yake, dab da silin. Tsanin ƙarfe na jingine a lungu.

"Kina hawa wancan?"

"Rabona da shi tun azumin bara."

Daga nan Sufeto ta shiga ofishin mataimakin Hajiya, Malam Salisu. Ya miƙe ya gaishe ta, ya tambayi aiki, ya tambayi gida da yara, sannan ya tura ƙofa ya sassauta murya.

"Ranki ya daɗe, ba sata ba ce. Hajiya uwa ce a gare mu, amma mantuwa ta kama ta. Kwanaki a firji aka tsinci tabaranta. Makullin ofis kuma a butar alwala. Shekaranjiya ɗaya daga cikin littattafan da take cigiya, a jakarta aka gan shi, gaban mutane."

"Wa ya gano tabaran?"

"Ni ne. Ai haka matakin farko yake. Mutum ya aje abu a inda bai dace ba, ya dawo yana zargin mutane da sata. In aka shiga mataki na biyu, sai sunaye su fara kuɓuce mashi."

"Likitanci ka karanta, Malam Salisu?"

Ya yi 'yar dariya. "Ni? Ko kusa da kantar likitanci ba na zuwa."

Tana fitowa ta yi kiciɓis da Alhaji Yahaya, daraktan da ɗakin karatun ke ƙarƙashinsa. Bai ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Sufeto, a bar maganar nan haka. Mun shirya tura ta gaban kwamitin likitoci, a yi mata ritaya cikin mutunci. Na riga na yi waya da DPO ɗinku."

"In ta tafi, wa zai hau kujerar?"

"Salisu mana. Shi ke bi mata."

"Ranka ya daɗe, ƙarar sata aka kawo mani, kuma ban ga kayan ba tukuna. In DPO yana son ya karɓe aikin daga hannuna, ya san inda nake."

Alhaji Yahaya ya dube ta sama da ƙasa. "Kin san ana canja wa mutum wurin aiki kan abin da bai kai wannan ba?"

"Na sani. Ko ina aka kai ni, da kakina zan tafi."

Ta wuce zauren karatu. A teburin ƙarshe akwai wata budurwa, Nafisa, ɗalibar likitanci da ke rubuta bincikenta na gama makaranta kan cututtukan ƙwaƙwalwa. Ita ce ta fara yi wa Hajiya ƙorafin rashin littattafan.

"Akwai wanda ya taɓa tambayarki game da su?"

Nafisa ta waiga ta dubi ƙofar ofishin Malam Salisu.

"Ni kike kallo yanzu, ba shi ba."

"Malam Salisu ne. Ya ce in nuna mashi waɗanda suka fi bayanin alamomin mantuwa, wai kawunsa na Batagarawa ne ba shi da lafiya. Na nuna mashi. Daga nan ban sake ganinsu ba."

Sufeto ta koma wurin Hajiya, ta nemi littafin da aka ce an gani a jakarta. Tsohon littafin hikaya ne, bangonsa ya yi laushi don tsufa. Tana buɗe shi wari ya daki hancinta.

"Hajiya, kina aje man dizal a gida?"

"Me zan yi da shi?"

"Ba ki ji warinsa a nan ba?"

"Ciwon nan ya daɗe da ɗauke mani jin wari. Ko miya ta ƙone sai an gaya mani."

A bayan ginin akwai ɗakin janareta, da ƙaton kwado a ƙofar. Aka kira Malam Salisu, domin shi ke riƙe makullin. Ya laluba aljihu ya ce ya ɓace, wataƙila ma Hajiya ce ta ɗauka ta manta.

"Kofur, fasa shi," in ji Sufeto.

"Wannan kayan gwamnati ne," in ji Alhaji Yahaya.

"Littattafan ma haka."

Kofur Anas ya sa guduma. A bayan jarkokin mai akwai kwalaye lulluɓe da tamfol. Ya yaye. Ga littattafan nan jibge, na hikaya a ƙasa har mai ya fara jiƙa gefensu.

Malam Salisu bai gudu ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

"Ni ne. Ba kuma zan durƙusa wa kowa ba. Shekara da shekaru ina mataki ɗaya. Na ci jarrabawar ƙarin girma, aka ce babu gurbi. Na nemi canji zuwa wata ma'aikata, aka ce wane ne ubangidana. Waɗanda na koya wa aiki yau ni ke miƙe masu. Na karanta doka, na ga hanya ɗaya ta rage, a sauke Hajiya saboda rashin lafiya. Ita da ta san tana ciwo, me ya hana ta sauka da kanta?"

"Tabarau da makulli fa?"

"Ni na sa su. Abin da littafi ya ce masu ciwon na yi, shi na yi mata."

"Na hikayar fa, me suka yi maka?"

"Su take ji da su. In sun ɓace a hannunta, kowa zai yarda ta gama."

Hajiya Furera ta matso har gabansa.

"Salisu, ranar da ka ciro tabarau a firji, na koma gida na kasa cin abinci. Na zauna ina kiran sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, don in ga ko akwai wanda ya ɓace mani. Zaluncin da aka yi maka gaskiya ne, amma ba ni na yi maka ba."

A karon farko ya kawar da ido. Kofur Anas ya sa mashi ankwa.

Alhaji Yahaya ya gyara murya. "Hajiya, a yi haƙuri. Abin cikin gida ne, mu sasanta a ofis. Zuwa kotu wahala ce gare ki, ga yanayin jikinki."

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ta juya ga Sufeto.

"Ɗiyata, in an sa ranar zama ki aiko mani. Da kaina zan tsaya gaban alƙali, ya tambaye ni duk abin da ya ga dama."

"Ni zan zo in ɗauke ki, Hajiya," in ji Sufeto.

Ta yi wa Kofur alama. Aka tasa ƙeyar Malam Salisu ta tsakiyar zauren karatu, masu karatu suka ɗago suna kallo, har aka saka shi a mota.