Tsamiyar da ke Cikin Tabarau

Ranar da abin ya fara, Taibatu tana tsakar gida tana kwashe tuwo. Ladan ya gama kiran magariba, kaji sun shige akurki, unguwa ta yi tsit. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, kuma babu motsin kowa bayan katanga. Ni maƙwabciyarsu ce, ƙofa da ƙofa, abin da idona ya gani shi nake rubutawa.

Su Taibatu mutanen Gidan Goga ne. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka kashe mijinta Barau a gona, ta kwaso 'ya'yanta biyu zuwa Talata Mafara. Babban, Mukhtar, yana gyaran waya bakin kasuwa. Shi ya sayo wani tabarau daga Kano, mai kama da ƙaramin akwati, ana ɗaura shi da roba a ƙeya. In ka sa, sai ka gan ka tsundum a wani wuri, ka waiga dama ka waiga hagu duk kana ciki. Ya ce nan gaba kowane gida sai ya saya. Ranar kasuwa mutane suka yi layi, suka ga teku, suka ga dogayen benaye, suka sha dariya. Ko ɗaya bai saya ba. Wani dattijo ya ce, "Yaro, mai neman masara mi zai yi da teku?"

Sai Mukhtar ya yi dabara. A wayarsa akwai bidiyon gonarsu na daminar ƙarshe kafin gudu: gero ya fid da kai, tsohuwar tsamiya a tsakiya, Barau a gindinta yana alwala. Ya sa shi cikin tabarau don mutane su ga abin da suka sani. Ya zo gida ya gwada wa ƙanwarsa Hamdiyya, budurwa 'yar sha shida, ana dab da magariba, lokacin da ko gyangyaɗi ba a barin yaro ya yi.

Daga ranar ba ta yarda a cire mata ba. Caji ya ƙare, gilashin ya yi baƙi ƙirin, amma tana zaune tana juya kai tana murmushi. Ta bar abinci. Duk magariba sai duwatsu. Rana ta biyar uwar ta kai hannu ga robar, sai muryar wani tsoho ta fito daga bakin yarinyar: "Ɗauke hannunki, matar Barau."

Aka ɗauko Malam Sulaiman daga Bakura, wanda ya iya ruƙiya. Ya zauna gabanta bayan la'asar ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Yarinyar ta fara karkarwa.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Ɗan gudun hijira, kamar su."

"Mi kake nema ga ɗiyar mutane?"

"Tun kafin a haifi kakan Barau nake cikin tsamiyar nan. 'Yan bindiga sun ƙone ta. Garin babu hayaƙin girki, babu kukan jariri. Na biyo su, ina raɓe a soro. Sai ga gidana tsaye cikin wannan abu, da ganyensa."

"Ka fita ka koma inda ka fito."

"Wa zai raka ni? Kai za ka bi hanyar nan, malam?"

Malam ya koma karatu.

Aka daɗe ana ja. Ƙarshe aljanin ya yarda ya saki yarinyar in za a bar masa tabarau, a jefa su tare cikin madatsar ruwan Bakolori. Ya rantse. Amma kafin ya tafi ya ce, "Ka sani, ba ni kaɗai ke riƙe da ita ba. Sau uku ina korarta, tana cewa in bari babanta ya ɗago ya gan ta."

Hamdiyya ta yi atishawa ta faɗi. Aka cire tabarau. Ta dubi bangon ɗakin haya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta fashe da kukan da ban so in ƙara jin irinsa. Duwatsu sun tsaya. Tana ci, tana salla, amma magana sai an yi da gaske.

Da labari ya bazu, matan da suka gudo daga Gidan Goga da Janbako suka riƙa sallama, suna tambaya ko gaskiya ne ana ganin gida a ciki, kuma nawa ne. Mukhtar ya ce da su ya bar wannan sana'a har abada.

Taibatu ce ta karɓi aikin jefawa, ta ce ba ta yarda ɗanta ya sake taɓa shi. Bayan sati na shiga gaishe ta da hantsi. Na ce, "Taibatu, kin jefa?"

"Na jefa, Inna."

Shatin roba kwance a goshinta, ja, sabo, ya zagaye har bayan kunne. Ta ga na gani. Ta ja hijabi ta rufe.

"Kada ki faɗa ma yaran, Inna," ta ce. "Muryata ba ta canja ba tukuna."