Kaset ɗin Sunan Rumasa'u

Ranar da Rumasa'u ta fara sallama a shagon Suhaibu, wani tsohon bidiyo mai kaset ta rungumo a ƙirji, naɗe cikin zani kamar jariri.

"An ce duk Karaye kai kaɗai ka rage mai gyaran irin wannan."

"Gaskiya aka faɗa miki, sauran duk sun koma gyaran waya." Ya karɓa ya ajiye, sannan ya ɗago ya dube ta. To fa! Sai da sukundireba ya suɓuce masa.

Daga Rogo take. Ta zaro wani kaset daga jaka da hannu bibbiyu.

"Na ranar sunana ne. Mahaifiyata ta rasu ina goye, hotonta ɗaya tal kuma ruwa ya cinye. Baba ya ce tana cikin nan, har da dariyarta. Bidiyon ya mutu tun ina ƙarama, sai bana Baba ya yarda a kawo gyara."

Suhaibu ya buɗe injin. Bel ya saki, kan da ke karanta hoto ya yi datti, robar da ke jan zaren kaset ta bushe ta tsattsage. Ya ce sai an nemo wata a Kano, ta bar lambarta.

Wai lambar don a sanar da ita gyara ne. Ina!

"Injiniya, yaya mara lafiyarmu?" in ji saƙonta.

"Yana samun sauƙi, Ruma. Mai jinyar ne dai ya kamu, maganinsa kuma yana Rogo."

"Allah Ya shirye ka."

Kafin roba ta iso, zance ya yi nisa, har an san shi a gidansu.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida guda: in ka gama gyara, ba ka sa kaset ɗin mutane sai ka fara gwadawa da tsohon kaset da ba a so. Suhaibu ya san wannan tun yana yaro a gaban mahaifinsa. Amma ranar yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe sai ga Rumasa'u, motar Rogo kuma tana shirin tashi.

"Don Allah, ko minti ɗaya ne, in gan ta."

Ya dubi kaset ɗin gwaji a kan benci, ya dubi idanunta. Ya ɗauki nata ya tura.

Hoto ya fito tas. Ga tsakar gidansu, ga mata ana ta guɗa. Mai ɗauka ya nufi ƙofar wani ɗaki, wata ta ce, "Ga mai jego nan fitowa!" Labule ya motsa. Sai injin ya yi ƙurrr, talabijin ta yi shuɗi.

Sabuwar robar ba ta zauna daidai ba. Ta tauna zaren, ta cukuikuye shi.

Rumasa'u ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Saura kaɗan in gan ta." Ta fita.

Da labari ya kai wa mahaifinta, Malam Sunusi, cewa ya yi, "Wanda bai riƙe amanar kaset ba, shi zan damƙa wa 'yata?" Kabir mai shagon waya a Rogo, wanda ya daɗe yana zarya a ƙofar gidan don neman Rumasa'u, ya samu na faɗa, wai da shi aka kawo wa da tuni hoton yana cikin memori. Alhali ko buɗe bidiyo bai taɓa yi ba.

Suhaibu ya rame. Ya tura mata: "Ruma, ba ni da hujja. Na san ƙa'ida, na take ta don in ga murmushinki, na jawo miki kuka. Ki bar ni in gwada ceto abin da ya rage."

Sai da aka kwana biyu ta amsa: "Ai yana wajenka."

Ya warware zaren a kan tebur, ya shimfiɗa ƙyalle a kai, yana bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, kaɗan kaɗan. Inda ya tsinke ya haɗe da salatif. Ya gyara zaman robar, ya yi ta gwaji da tsohon kaset. Da ya kunna nata shi kaɗai, ya kifa kai a benci ya daɗe bai ɗago ba. Tsakiyar zaren, inda hoto yake, ta mutu. Gefen da ke ɗauke da murya ne kawai ya tsira.

Haka ya ɗaure bidiyo da talabijin a bayan babur ya nufi Rogo. Ya durƙusa a zaure gaban Malam Sunusi.

"Baba, hoton ya tafi, ni na ɓata shi. Amma akwai abin da ya rage."

Aka kira Rumasa'u. Suhaibu ya kunna kaset ɗin, a talabijin labule ya motsa, allo ya cika da layi-layi, sai wata murya ta fito garau, tana dariya.

"Kai mai ɗauka, daina haska ni, ban shirya ba! Haska 'yata. Rumasa'u, buɗe ido mana. Allah Ya nuna min ranar aurenki."

Malam Sunusi ya rufe fuska da hannun riga. "Laure ce. Wallahi Laure ce."

"Baba, yaya fuskarta take a nan?" in ji Rumasa'u.

Suhaibu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ki duba madubi, 'yata," in ji dattijon. Sannan ya juyo wajen Suhaibu. "Yaro, ka ɓata min abin da ba ya dawowa. Amma ka zo da ƙafarka, ba ka ɗora wa inji laifi ba. Ka turo manyanka."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, lokacin da uwa ke yi wa 'yarta addu'a, Malam Sunusi ya sa aka kunna kaset ɗin a tsakar gida. Muryar Laure ta roƙi ganin wannan rana, mata suka amsa da amin cikin kuka. Suhaibu yana zaure yana ji, kansa a ƙasa, sai wayarsa ta yi ƙara, saƙon Rumasa'u ya shigo.

"Angona, ɗago kanka. Ban ga fuskarta ba, kuma ba zan ce abin ba ya min ciwo ba. Amma yau Ummata ta raka ni da bakinta."

Ya share ido ya rubuta: "Allah Ya jiƙan ta, Ruma. Amanar da ta bari, wannan karon ba zan yi mata garaje ba."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.