Tsohuwa da Tsuntsuwa Mai Zobe

A wani zamani, a wani ƙauye na bakin teku, an yi wata tsohuwa mai gyaran taru, wadda ba ta ganin zalunci ta yi shiru.

Wata safiya ta tarar da 'yar tsuntsuwa tana mutsu-mutsu cikin yagaggen taru a kan rairayi. Da ta kwance ta, sai ga zoben ƙarfe a ƙafarta.

"Mari a ƙafar baiwar Allah? Sai an biya ta haƙƙinta!"

Ta rungume ta, ba ta zame ko'ina ba sai gidan masu nazarin tsuntsaye. "Wa ya sa mata wannan? Sai an biya ta haƙƙinta!"

Wata malama ta fito ta gaishe ta, ta ɗora mata irin zoben a tafin hannu. Ko nauyin ƙwayar wake bai kai ba.

"Iya, da shi muke gane ta. Daga ƙasar ƙanƙara ta taso, zoben bai hana ta keto teku ba. Tarun da aka yar ne ya kusa kashe ta."

Tsohuwa ta dubi zaren da ke maƙale a fiffiken. Ƙullin nata ne, babu mai irinsa a ƙauyen. Sai ta ƙyalƙyale da dariya. "Ashe mai biyan tana kusa!"

Suka saki tsuntsuwar. Tsohuwa kuwa ta ɗauki kwando ta bi gaɓa, tana tsince yagaggun taruna. Duk wanda ya ce, "Iya, me kike yi cikin rana haka?" sai ta ce, "Haƙƙi nake biya."