Shafin Doose Bai Bar Kwamfuta Ba

"Ni fa shafina yana sama," in ji Doose. "Ko a tsakiyar teku kake, za ka buɗe shi."

Haka ta faɗa wa 'yan ajinsu a Akurba, har da ɗaga hanci. Wanda ya ji ta sai ya ɗauka da tsani ta hau ta rataye shi.

Shafin intanet ɗin dai nata ne, ba gardama. A kulob ɗin kwamfuta ta haɗa shi saboda babanta. Baba yana aikin titi a nesa, wata bakwai bai zo gida ba. In ka danna nan, ka ji zakaran gidansu. In ka danna can, ka ji dariyar Mama. Na ƙarshe kuwa muryar ƙaninta ce, yana cewa "Baba" a karon farko.

Ranar Asabar za a tura su Baba wani daji da babu sabis. Sai bayan wata biyu zai fito.

Malama Zuwairatu ta koya musu tun farko. Ta ce, "Kwamfutar makaranta ta gwaji ce kawai. In kuna so duniya ta gani, sai ku kwafe aikin zuwa saba. Saba kwamfuta ce da muka yi haya a wani gari. Ba ta barci. Ita ake kira gajimare."

Doose ta gwada sau ɗaya. Baƙin allo ya fito da rubutu birjik. Ta tsorata ta rufe. Tambaya kuma? Haba, ai ita ce gwanar aji! Sai ta kwafi adireshin da ke kan kwamfutar makaranta, ta tura wa Baba ta wayar Mama.

Ranar Laraba Baba ya kira. "'Yata, abin bai buɗe ba."

"Sabis ɗinka ne, Baba."

Ranar Alhamis ya sake kira. "Na hau kan tifa ma, bai buɗe ba."

"To, an yi ruwa a nan Lafiya. Gajimaren ya jiƙe."

Baba ya ce, "Ba komai, 'yata. Gobe zan sake gwadawa."

Daren nan ta bar tuwonta a kwano.

Ranar Juma'a, Malama ta ce, "Doose, na ji shafinki ya kai teku. Nuna mana."

Doose ta nufi kwamfuta da sauri. Malama ta rufe kwamfutar a hankali, ta miƙa mata waya. "A nan za ki buɗe."

Doose ta rubuta adireshin. Babu zakara, babu dariya. Hawaye suka zubo mata.

"Malama, ban saka shi a saba ba. Tsoro na ji. Kuma gobe Baba zai tafi."

Malama ta jawo mata kujera. "Adireshin nan na cikin wannan kwamfutar ne kaɗai. Shi ya sa wayar babanki ta rasa shi. Zauna. Ni ma baƙin allon nan ya taɓa sa ni kuka."

Suka yi tare. Suka kwafe aikin zuwa saba. Suka kunna shi. Suka buɗe masa ƙofar baƙi, don kowa ya iya shiga daga ko'ina. Suka saita shi ya tashi da kansa in an kashe saba an sake kunnawa. Sau biyu Doose ta yi kuskure, sau biyu ta ce, "Malama, ban gane ba."

Da yamma ta kira Baba. "Baba, ba ruwa ba ne. Ƙarya na yi."

"Na sani," in ji shi. "Mamanki ta ce rana ake yi tun Litinin. Turo sabon adireshin."

Ta tura. Can sai ta ji zakaransu yana cara daga wayar Baba. Ta ji dariyar Mama. Sannan ƙaramar murya ta ce, "Baba."

Sai Baba ya sake dannawa. Ya kuma dannawa.

Daga ranar Doose ta gane: in ba ka iya abu ba, ka tambaya. Ƙarya ba ta gyara aiki, lokaci kawai take cinyewa.