Awarwaro a Cikin Tsatsa

Madam Adaeze ba ƙarar kowa ta kawo ba. Da hantsi ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da ƙullin leda, ta ajiye a teburin Insfekta Mu'azu, ta janye hannunta da sauri kamar ta taɓa garwashi.

"Oga, a ƙarƙashin motata aka ciro shi. Ni dai ba zai kwana a gidana ba."

Insfekta ya kwance ledar. Awarwaron tagulla ne ƙirar Bida, ya lanƙwashe, baƙar kwalta duk ta manne masa.

Bara ta sayi motar wurin wani dillali, Suhaibu. Tun daga ranar, da ta faɗa rami sai ta ji ƙil-ƙil a ƙasa, kamar mace na tafe a bayanta. Makanikai sun duba ba su ga komai ba, fasto ma ya yi addu'a. Sai da tsatsa ta cinye wajen ƙafar direba har tana hango titi, sannan ta kai wa Romanus mai gyaran bodi.

Insfekta bai ƙarasa jin zancen ba, ya sake ɗaga awarwaron ya duba. Ya san ɗan'uwan wannan awarwaro. Yana hannun Umaima, matar da ke zuwa duk Juma'a ta zauna a bencin waje tana tambayar labarin ƙanwarta Sailuba, mai waina, wadda ta fita kai niƙa wata safiya shekara biyu da suka wuce ba ta dawo ba. Gari ya gama yanke hukunci: wai ta bi wani direba ta bar 'yarta Mansura. Yarinyar ta daina zuwa makaranta saboda gori. Shi kuwa Insfekta ya kai har ƙofar baya yake bi ranar Juma'a, don kunyar haɗa ido da Umaima.

A garejin, Romanus ya sauka da shi cikin rami, ya haska masa ƙarƙashin motar da tocila.

"Oga, duba. Baya lafiya lau. Nan gaba gefen direba, taɓa ka ji."

Insfekta ya sa yatsa, ƙarfen ya marmashe kamar ƙanzo.

"Na zo kankarewa da buroshin ƙarfe, in yanke ruɓaɓɓen, in yi walda, in shafa jan fenti," in ji Romanus. "Ina buga guduma abin ya faɗo daga cikin ramin ƙarfen nan."

"Wannan farin garin fa?"

"Ruwan batir ne. Wani ya wanke wurin da shi, bai ɗauraye ba, ya lafta kwalta a kai. Sai ya zauna a ciki yana cin ƙarfe."

"Me ake wankewa da ruwan batir?"

Romanus ya ɗauke kai. "Abin da sabulu ya kasa, Oga."

A bakin ramin da awarwaron ya fito, wani zaren atamfa ya maƙale, kore. Insfekta ya zare shi a hankali. Ya naɗe shi a takarda ya adana.

Suhaibu dillali mutum ne mai bakin zuma, wanda zai iya sayar maka da jaki ya ce jirgi ne. Ya tarbi Insfekta da fara'a a filin motocinsa.

"Yallaɓai, ai 'yar Beljiyam ce, daga jirgin ruwa sai hannuna. Tsatsar kuwa gishirin da Turawa ke zuba wa titi ne lokacin ƙanƙara. Duk haka suke zuwa."

"Turawan gefe ɗaya na titi suke zuba wa gishirin?"

Fara'ar Suhaibu ta ɗauke. Insfekta ya ci gaba.

"Su ne kuma suke sa atamfa da awarwaron Bida? Malam Suhaibu, zancen rai ake yi. Ko ka faɗa a nan, ko ka faɗa a bayan kanta a ofishinmu."

"Wallahi ban san da wani rai ba! Ta Malam Khamis ce, mai aiki a Abuja. Shi ya roƙe ni in kai ta nesa, Kontagora ko gaba, kada ya ƙara ganinta. Ni kuma na samu mai saye a gida, sai na ce 'yar waje ce."

Insfekta ya gane sunan. Khamis maƙwabcin su Sailuba ne. Shi ya fi kowa zirga-zirga lokacin cigiya. Shi kaɗai ne kuma ya rantse ya gan ta a mahaɗar Dikko tana shiga motar Kaduna da wani namiji.

Bayan la'asar Insfekta ya same shi a barandar gidan haya, zaune da carbi. Mutumin ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Me ya sa ka sayar da motarka?"

"Tsadar mai, Yallaɓai. Bas ta fi mini sauƙi."

"Ka taɓa buge wani abu da ita?"

"Ko akuya ban taɓa bugewa ba."

"Wa ya shafa mata kwalta a ƙasa?"

"Haka na saye ta."

Insfekta bai yi musu ba. Ya sa hannu a aljihu, ya saki awarwaron a kan siminti. Ya yi ƙara, ƙil, ya gangara, ya tsaya a gindin ƙafar Khamis.

Khamis ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, carbin ya zube.

"Ku sa ta yi shiru! Don Allah ku sa ta yi shiru!"

"Wa?"

"Sailuba." Ya sauke hannuwansa. "Ruwa ake yi da sassafe, ina saurin in riga cunkoson hanyar Abuja. Ban gan ta ba sai da na ji motar ta hau. Na janyo ta daga ƙasa da ranta, na sa ta a baya, wallahi asibiti na nufa. Kafin in kai babban titi ta cika. Tsoro ya kama ni, na miƙe har dajin Lambata."

"Sai ka dawo ka ce ka gan ta da namiji."

"Don a daina nema ne. Na wanke motar, na shafe ta, na ce shi ke nan. Ashe tana ciki. Duk ramin da na faɗa sai ta yi motsi. Na sayar da motar, amma har a cikin salla ina jinta."

Insfekta ya so ya ji tausayinsa, bai samu ba. Haushi ne ya cika shi, na yarinyar da aka yi wa gori shekara biyu.

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya sa wa Khamis ankwa. Sa'ad da aka fito da shi, unguwa ta riga ta cika ƙofar gidan. Khamis ya shiga motar 'yan sanda kansa a ƙasa.

Umaima na tsaye a gefe, Mansura na riƙe da zanenta. Wannan karon Insfekta bai nemi ƙofar baya ba. Ya je har gabanta ya buɗe tafin hannunsa, awarwaron na ciki.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kara nata da shi, tagulla ta taɓa tagulla, ƙil.

Ta durƙusa ta kama fuskar yarinyar, hawaye na zuba.

"Mansura, gobe za ki koma makaranta. Duk wanda ya yi miki magana, ki ce masa mamanki niƙa ta tafi. Ba ta gudu ta bar ki ba."